Kafin A Haifi Firimiya: Labarin Kakar Lig Ta Farko A Ingila

 A wannan makon za mu ɗan ajiye batun jarrabawa a gefe, mu waiwayi tarihin abin da ya fi komai haɗa mu musu a bayan aji da gidajen kallo, wato gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila.

Da za a tambayi yawancinmu yaushe aka fara gasar lig a Ingila, sai mu ce 1992, shekarar da aka soma Firimiya. Gaskiyar magana ita ce, lig ɗin Ingila ya girmi Firimiya da shekara 104. An fara kakarsa ta farko ranar 8 ga Satumba, 1888, aka kammala a watan Afrilun 1889, tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Shi ne kuma lig ɗin ƙwallon ƙafa na farko a duniya baki ɗaya. Ƙungiyoyi 12 ne suka buga shi, kuma a cikinsu babu Manchester United, babu Arsenal, balle Liverpool da Chelsea waɗanda ba a ma kafa su ba tukuna.

Mutumin da ya kawo shawarar bai taɓa yin suna a matsayin ɗan wasa ba. Mai shagon sayar da yadi ne a birnin Birmingham, wanda ya gaji da yadda ƙungiyoyi ke saɓa wa juna alƙawari. Daga wannan gajiya tasa aka samu teburin da muke dubawa a waya kowane ƙarshen mako.

Ƙwallon 'ya'yan gata da ƙwallon ma'aikata

Kafin mu je ga mai shagon yadi, sai mun fahimci halin da ƙwallo ke ciki a wancan zamani. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda ake kira FA, a Landan a 1863. Yawancin waɗanda suka riƙe ta da farko 'ya'yan masu hali ne da suka yi manyan makarantun kwana masu tsada. A wurinsu ƙwallo abin motsa jiki ne da nishaɗi, kuma abin kunya ne mutum ya karɓi kuɗi don ya buga. Da aka fara gasar Kofin FA a 1871, ƙungiyoyin irin waɗannan mutane ne suka yi ta cinye shi har sau 11 a jere.

A arewacin ƙasar kuwa rayuwa daban ce. Yankin Lancashire cike yake da masana'antun saƙar auduga, tsakiyar ƙasar kuma da na ƙarfe da na tangaran. Ma'aikaci yakan shiga aiki da sassafe, sai yamma liƙis ya fito. A 1850 aka yi dokar da ta tilasta wa masaƙu su sallami ma'aikata da ƙarfe biyu na rana a ranar Asabar, sannu a hankali sauran sana'o'i suka bi sahu. Wannan rabin yini ne ya ba talakawa damar bugawa da kuma kallo, shi ya sa har gobe ƙarfe uku na ranar Asabar yake da matsayi na musamman a ƙwallon Ingila. Ga kuma jirgin ƙasa da ya haɗa garuruwan, ta yadda ƙungiya za ta je wani gari ta yi wasa ta dawo gida a yini guda.

A 1883 aka ga sakamakon haka. Ƙungiyar Blackburn Olympic, wadda ke ɗauke da masaƙa da masu sana'ar hannu, ta doke Old Etonians da ci 2-1 a wasan ƙarshe na Kofin FA. Old Etonians ta tsofaffin ɗaliban Eton ce, makarantar da ake kai 'ya'yan sarakuna da attajirai. Tun daga ranar ba wata ƙungiyar 'ya'yan gata da ta sake ɗaga kofin.

Kuɗi a ɓoye, kuɗi a fili

Sai dai ma'aikaci ba shi da gatan ɗan Eton. Idan ya bar aiki ya je atisaye, an yanke masa ladan ranar. Idan ya karye a fili, iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Don haka ƙungiyoyin arewa suka fara biyan 'yan wasa a ɓoye, duk da cewa dokar FA ta hana.

Wanda ya fi kowa ƙwarewa a wannan shi ne William Sudell, manajan wata masaƙar auduga kuma jagoran ƙungiyar Preston North End. Yakan ɗauko gwanaye daga Sikotland, ya samar musu aiki a garin Preston, ya kuma ƙara musu da kuɗin wasa. 'Yan Sikotland a lokacin sun yi fice wajen ba juna ƙwallo, saɓanin salon Ingila inda kowa ke son ya yanke mutane shi kaɗai har gaban gola.

A farkon 1884 Preston ta haɗu da Upton Park ta Landan a Kofin FA, aka tashi 1-1. Upton Park ta kai ƙara cewa Preston na biyan 'yan wasa. Sudell bai musa ba, aka kori ƙungiyarsa daga gasar. Wannan ya fusata ƙungiyoyin arewa, har suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar. Da FA ta ga abin zai fi ƙarfinta, sai ta halatta biyan 'yan wasa a watan Yulin 1885.

Da aka warware wannan matsala, sai wata ta kunno kai. Yanzu albashi ya zama dole kowane mako, amma kuɗin shiga ba shi da tabbas. Babu talabijin, babu kamfanonin da ke saka tallarsu a gaban riga. Abin da aka tara a bakin ƙofa shi ne kaɗai abin dogaro. Kofin FA kuwa na sili-ɗaya-ƙwale ne, idan aka cire ƙungiya a zagayen farko, ta gama. Sauran makonni sai wasannin sada zumunta, waɗanda sakatarorin ƙungiyoyi ke shiryawa ta hanyar wasiƙa. A nan ne ake yin ta. Ƙungiya za ta yi alƙawarin zuwa, ana gobe wasa ta aiko cewa tana da wasan kofi, ko ta samu inda za a fi ba ta kuɗi. Wani lokaci ta zo a makare, ko ta turo 'yan benci. 'Yan kallo su biya kuɗinsu su ga wasan da bai kai ya kawo ba, mako mai zuwa su ƙi fitowa.

Wasiƙar mai shagon yadi

William McGregor ɗan Sikotland ne da ya koma Birmingham ya buɗe shagon yadi, ya kuma zama ɗaya daga cikin shugabannin Aston Villa. Ya ga yadda Asabar ke wucewa ƙungiyarsa ba ta yi wasa ba alhali ga albashi na jira. Ranar 2 ga Maris, 1888, ya rubuta wasiƙa zuwa ga Blackburn Rovers, Bolton Wanderers, Preston North End, West Bromwich Albion, da kuma sakataren ƙungiyarsa. Shawararsa gajera ce: manyan ƙungiyoyi goma ko goma sha biyu su haɗu, su tsara wasanni gida da waje tun kafin kaka ta fara, kowa ya san ranarsa, kowa kuma ya cika alƙawari.

Aka yi taron farko a wani otal a Landan ranar 23 ga Maris, daren wasan ƙarshe na Kofin FA, lokacin da shugabannin ƙungiyoyi ke cikin gari. Aka yi na biyu a Manchester ranar 17 ga Afrilu, inda aka tabbatar da komai. Sudell ne ya kawo sunan Football League, aka karɓa. McGregor ya zama shugaba na farko, Harry Lockett na Stoke ya zama sakatare.

Ƙungiyoyi shida sun fito daga Lancashire: Accrington, Blackburn Rovers, Bolton Wanderers, Burnley, Everton da Preston North End. Shida kuma daga tsakiyar ƙasar: Aston Villa, Derby County, Notts County, Stoke, West Bromwich Albion da Wolverhampton Wanderers. Babu ko ɗaya daga Landan, domin ƙungiyoyin kudu suna nan kan ra'ayinsu na ƙin biyan 'yan wasa. Arsenal a lokacin ƙaramar ƙungiya ce ta ma'aikatan wata masana'antar makamai, mai shekara biyu da kafuwa. Manchester United kuwa sunanta Newton Heath, ta ma'aikatan jirgin ƙasa.

Masu son lissafi su ɗauko biro. Kowace ƙungiya za ta kara da sauran 11, sau ɗaya a gida sau ɗaya a waje, wasa 22 ke nan. Idan muka ninka 12 da 11 za mu samu 132, adadin wasannin kakar gaba ɗaya.

Ga wani abu da zai ba magoya bayan Liverpool mamaki. A wannan kaka Everton ce ke wasa a Anfield. Sai a 1892 ta bar filin saboda rikicin kuɗin haya da mai wurin, John Houlding. Da ya ga an bar shi da fili babu ƙungiya, sai ya kafa tasa, ita ce Liverpool.

Ranar farko

An buga wasa biyar a ranar Asabar, 8 ga Satumba, 1888. Preston ta doke Burnley da ci 5-2, Everton ta ci Accrington 2-1, West Bromwich ta je gidan Stoke ta yi mata biyu da nema, Wolverhampton da Aston Villa suka tashi kunnen doki 1-1. A Bolton kuwa masu gida suka fara cin uku, aka ɗauka an gama, sai Derby County ta farke duka ta ƙara uku, aka tashi 6-3.

Shekaru masu yawa littattafan tarihi na cewa ƙwallon farko a tarihin lig ta cin gida ce, wadda ɗan bayan Aston Villa, Gershom Cox, ya jefa a gidansu bisa kuskure. Sai a 2013 wasu masu bincike suka koma ga jaridun wancan mako, suka gano cewa ba a fara wasan Villa a lokacin da aka zata ba. Da suka daidaita agogon wasannin, sai ta bayyana cewa Kenny Davenport na Bolton ne ya fara zura ƙwallo, mintuna kaɗan da take wasansu. Bayan shekara 125 aka wanke Cox. Wannan Bolton ita ce dai wadda Jay-Jay Okocha ya yi wa kyaftin fiye da ƙarni guda bayan nan.

Wani abin dariya shi ne, an fara gasar ba a yanke shawarar yadda za a ba da maki ba. Wasu na ganin nasara kawai ya kamata a ƙirga. Sai a watan Nuwamba, bayan an yi makonni ana fafatawa, aka amince da maki biyu ga wanda ya yi nasara, maki ɗaya idan an yi canjaras. Da wannan tsari aka ci gaba har 1981, lokacin da aka mayar da nasara maki uku.

Da za mu ga wasan, da ƙyar mu gane shi

Ƙwallon 1888 ya sha bamban da namu. Babu raga a jikin turakun gola, don haka ana yawan gardamar ko ta shiga ko ta wuce ta gefe. Wani injiniya ɗan Liverpool mai suna John Brodie ne ya ƙirƙiro ragar, aka fara amfani da ita a farkon shekarun 1890. Babu bugun fenareti sai a 1891, bisa shawarar wani mai tsaron gida ɗan Ireland, William McCrum. Kafin nan ɗan baya zai iya tare ƙwallo da hannu a bakin gola ba tare da wani hukunci mai tsanani ba.

Alƙalin wasa ma a gefen fili yake tsayawa. Kowace ƙungiya na kawo nata mai sa ido a cikin fili, sai idan su biyun sun kasa daidaitawa sannan a waiwayi alƙali. A 1891 aka shigar da shi tsakiyar fili, aka mayar da su biyun masu ɗaga tuta.

Babu canjin ɗan wasa. Wanda ya ji ciwo ko dai ya daure yana ɗingishi, ko ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma. Sai a 1965 aka yarda da canji a gasar lig. Babu lamba a bayan riga, babu jan kati ko katin gargaɗi. Mai tsaron gida na iya taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filinsu, dokar da ba a sauya ba sai 1912. Ana kuma iya bangaje shi da kafaɗa.

Tsarin tsayuwa shi ne 'yan baya biyu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba biyar. Da irin wannan tsari ba mamaki aka zura ƙwallo 586 a wasanni 132, sama da huɗu ke nan a kowane wasa. Aston Villa ta lallasa Notts County da ci 9-1, Blackburn da Accrington kuma suka tashi 5-5.

Preston gagara-badau

Preston ta shiga kakar da ciwo a zuciya. A watan Oktoban 1887 ta yi wa ƙungiyar Hyde ci 26 da nema a Kofin FA, tarihin da har yau ba a karya ba a gasar. Kowa ya ɗauka kofin nata ne, amma a wasan ƙarshe a watan Maris na 1888 West Bromwich ta doke ta 2-1.

A sabuwar gasar ba ta yi sake ba. Ta buga wasa 22, ta ci 18, ta yi canjaras huɗu, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Accrington, Aston Villa, Burnley da Blackburn ne kaɗai suka iya raba maki da ita. Ta zura ƙwallo 74, aka zura mata 15 kacal. Tun a watan Janairun 1889 ta tabbata zakara, ta ƙare da maki 40. Aston Villa da ta zo ta biyu maki 29 ta samu, Wolverhampton ta uku da 28. Idan muka tuna cewa nasara maki biyu ce, tazarar maki 11 ba ƙarama ba ce.

John Goodall ne ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, da 21. A Landan aka haife shi amma a Sikotland ya tashi, ya buga wa Ingila. Ƙaninsa Archie, wanda aka haifa a Belfast, ya buga wa Ireland, domin mahaifinsu soja ne da ake yi wa sauyin wurin aiki. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Fred Dewhurst, malamin makaranta ne.

A Kofin FA ma haka ta yi. Ta buga wasa biyar ba a zura mata ko ɗaya ba. Ta rama abin da West Bromwich ta yi mata a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ranar 30 ga Maris, 1889, ta doke Wolverhampton uku da nema a filin Oval da ke Landan, a gaban mutum sama da dubu 20. Wanda ya tsare mata gida a ranar, Robert Mills-Roberts ɗan Wales, likita ne. Ita ce ƙungiya ta farko da ta haɗa lig da Kofin FA a kaka guda, kuma daga nan aka yi mata laƙabi da Invincibles, wato waɗanda suka gagari kowa.

Sai da aka yi shekara 115 kafin wata ƙungiya ta sake ƙare babbar gasar Ingila ba a doke ta ba. Ita ce Arsenal ta 2003/04, wadda Nwankwo Kanu, Kolo Toure da Lauren ke ciki. Ta buga wasa 38, ta ci 26, ta yi canjaras 12. Magoya bayan Arsenal za su ce wasa 38 ya fi 22 wahala, kuma suna da hujja. Na Preston za su ce su sun haɗa da kofi, alhali Manchester United ta cire Arsenal a Kofin FA na wannan shekarar. Mun bar muku wannan muhawara.

Golan da ya fito daga Accra

Akwai wani suna da ya kamata mu sani a nan Afirka ta Yamma. Kafin a fara lig, wanda ya tsare wa Preston gida a wasanninta na Kofin FA har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 1887 shi ne Arthur Wharton. An haife shi a 1865 a unguwar Jamestown da ke Accra, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. An tura shi Ingila karatun aikin mishan, amma wasanni suka ɗauke masa hankali. A 1886 ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 10 a gasar zakarun tsere da aka yi a Stamford Bridge.

Wharton ya bar Preston a 1888 don ya mai da hankali kan tsere, saboda haka ba ya cikin waɗanda suka ci lig. A 1889 ya koma Rotherham Town yana karɓar albashi, shi ya sa ake ɗaukarsa baƙar fata na farko da ya mai da ƙwallo sana'a. Daga baya ya buga wa Sheffield United a rukuni na ɗaya. Ƙarshensa dai akwai ban tausayi. Ya koma aiki a mahaƙar kwal, ya rasu a 1930 cikin talauci, aka binne shi a kabarin da ko suna babu. Sai a 1997 aka sa masa alama, a 2014 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a cibiyar horar da 'yan wasan Ingila.

Bayan an tashi

A ƙasan teburi Notts County da Stoke suka ƙare da maki 12 kowacce, wato ƙungiyar sakataren gasar da kansa ce ta zo ta ƙarshe. Babu faɗuwa zuwa rukuni na biyu domin babu rukunin. Ƙungiyoyi huɗu na ƙasa sukan nemi a sake zaɓensu ne ta hanyar ƙuri'a, kuma a wannan karon an mayar da su duka. Da Stoke ta sake zuwa ta ƙarshe a kaka ta biyu, sai aka cire ta aka sa Sunderland a 1890.

Shawarar McGregor ta yi aiki fiye da yadda aka zata. 'Yan kallo suka ƙaru, domin kowa ya san ranar wasa kuma kowane wasa na da maki a kansa. Ƙungiyoyin da aka bari a waje suka kafa tasu gasar, a 1892 aka haɗe su aka samar da rukuni na biyu. A wannan shekarar Newton Heath ta shigo, Arsenal da Liverpool suka biyo baya a 1893. Sauran ƙasashe suka kwaikwayi tsarin, har ya iso gasarmu ta gida.

Preston ta sake cin lig a kaka ta biyu, 1889/90, kuma tun daga nan ba ta ƙara ba. Accrington ta fita daga gasar a 1893, ta rushe bayan 'yan shekaru. Accrington Stanley da muke ji yanzu wata ƙungiya ce daban. Blackburn ta ci Firimiya a 1995, Aston Villa ta ci Kofin Turai a 1982.

Shugabannin biyu da suka fi tashe a labarin kuwa ƙarshensu ya bambanta. A 1895 aka gurfanar da Sudell a kotu, aka same shi da laifin karkatar da dubban fam na masaƙar da yake wa aiki, kuɗin da ya riƙa kashewa kan ƙungiyar da 'yan wasanta. Aka ɗaure shi shekara uku. Da ya fito ya yi ƙaura zuwa Afirka ta Kudu, a can ya rasu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, ko da kuwa don ƙungiya aka yi satar. McGregor ya ci gaba da shagonsa har ya rasu a 1911, kuma yau mutum-mutuminsa na tsaye a ƙofar Villa Park, riƙe da takarda a hannu.

Mu ma za mu iya

Gwanaye suna nan a Ingila tun kafin 1888, 'yan kallo ma suna nan. Abin da aka rasa shi ne tsari da cika alƙawari, kuma da aka samar da su komai ya sauya. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Sau nawa ƙungiyar unguwa ke share fili, ta ja layi da toka, a jira baƙi har magariba ba su zo ba? Sau nawa gasar ajujuwa ke mutuwa a mako na uku saboda rikicin wa ya ci wa ya faɗi?

Idan makarantarku na da ajujuwa ko gidaje shida, ga lissafin. Shida sau biyar ya ba da wasa 30, gida da waje. Idan ana buga uku a mako, mako goma ya isa, wato zangon karatu ɗaya. Ku nemi izinin malamin wasanni, ku rubuta jadawali gaba ɗaya ku liƙa a allon sanarwa kafin a take ƙwallon farko. Ku yanke shawara kan maki tun da wuri, kada ku jira Nuwamba kamar mutanen McGregor, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku amince da hukuncin ƙungiyar da ta ƙi zuwa. Idan an tara kuɗin sayen ƙwallo ko riguna, a rubuta kowace naira a littafi, mutum biyu su sa hannu, labarin Sudell ya ishe mu darasi. A kuma samu wanda zai riƙa rubuta sakamako da sunayen masu zura ƙwallo, domin da 'yan jaridar 1888 ba su rubuta lokacin da aka fara kowane wasa ba, da har yau Gershom Cox na ɗauke da laifin da ba nasa ba.

Wannan aiki na buƙatar sakatare, ma'aji, alƙalin wasa da mai ɗaukar rahoto, 'yan mata da samari, har da wanda bai iya ko tare ƙwallo ba. Duk makarantar da ta fara nata lig ɗin, ta aiko mana da teburinta, za mu buga shi a wannan shafi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, da yardar Allah.